Mingaladon, 1941 zuwa 1942: Nazarin Abin da Ya Kashe Matuƙan Sa-kai na Amurka a Saman Rangun

Wurin da matsalarsa

Mingaladon filin jiragen sama ne mai nisan kimanin kilomita 20 arewa da birnin Rangun, wanda yau ake kira Yangon, a ƙasar Burma, wato Myanmar. A ƙarshen 1941 Burma tana hannun Birtaniya. Japan kuwa ta riga ta kame manyan tasoshin ruwan ƙasar Sin, saboda haka tashar Rangun ce babbar ƙofar da ta rage wa Sin ta samun makamai da fetur daga waje. Kaya su sauka a Rangun, jirgin ƙasa ya kai su Lashio, daga nan manyan motoci su bi da su hanyar duwatsu mai tsawon kimanin kilomita 1,150 zuwa Kunming, babban birnin lardin Yunnan a kudu maso yammacin Sin. Duk wanda ya rufe Rangun ya shaƙe Sin.

Cikin waɗanda aka ɗora wa tsaron saman birnin akwai wasu Amurkawa 'yan sa-kai, ƙungiyar American Volunteer Group da ake taƙaita sunanta da AVG, wadda jaridu suka yi wa laƙabi da Flying Tigers. Matsalarsu ita ce yadda za su tari jiragen da suka ninka nasu yawa ba tare da sun ƙare ba, alhali matuƙin da ya mutu babu mai maye gurbinsa, jirgin da ya faɗi kuma babu wani a ajiye.

Asali: 1937 zuwa Yuli 1941

Claire Chennault, wanda shi ne ya jagoranci ƙungiyar, ya bar rundunar saman sojan Amurka a 1937 da muƙamin kyaftin. Kunnensa ya yi nauyi, kuma ya daɗe yana jayayya da manyansa, waɗanda suka yi imani cewa jiragen bam za su kai ko'ina ba tare da wani ya iya tare su ba. Ya tafi Sin ya zama mai ba shugaban ƙasar, Chiang Kai-shek, shawara kan yaƙin sama. Shekara huɗu ya yi yana kallon yadda Japanawa suke tashi, yadda suke jera jiragensu, da irin kuskuren da ke kashe matuƙan Sin. Ya kuma taimaka wajen kafa tsarin gargaɗi: mutane a ƙauyuka da kan tuddai, kowa da wayar tarho ko rediyo, da zarar sun ji ƙarar jirgi sai su sanar da cibiya.

A farkon 1941 Amurka ba ta shiga yaƙi ba, don haka aka bi ta bayan fage. Gwamnatin Shugaba Roosevelt ta amince a asirce a karkatar da jirage 100 samfurin Curtiss P-40 daga cikin waɗanda aka ƙera wa Birtaniya. Wani kamfani mai suna CAMCO ne ya ɗauki mutanen aiki a takarda. An bar matuƙa kimanin 100 su ajiye aikin soja, yawancinsu daga rundunar ruwa, tare da makanikai da sauran ma'aikatan ƙasa kimanin 200. Albashin matuƙi dala 600 a wata, shugaban runduna dala 750, sannan akwai alkawarin dala 500 kan kowane jirgin Japan da aka lalata. Fasfo ɗinsu ya nuna su a matsayin farar hula masu sana'o'i dabam-dabam. Sun fara barin San Francisco a jiragen ruwa a tsakiyar shekarar.

Horo a Toungoo: Agusta zuwa Nuwamba 1941

Birtaniya ta ba su aron filin Kyedaw kusa da garin Toungoo, kimanin kilomita 280 arewa da Rangun. Damina ce, ga zafi, ga sauro, ga zazzaɓi. Da yawa daga cikin matuƙan ba su taɓa tuƙa ƙaramin jirgin yaƙi ba. Wasu manyan jiragen sintiri masu sauka a ruwa suka saba da su, kuma suka yi ta lalata jirage wajen sauka. Wasu suka ajiye aikin suka koma gida.

Chennault ya buɗe musu aji da sassafe. Darasinsa ya ginu ne kan bambancin jiragen biyu. P-40 jirgi ne mai nauyi: yana da farantin ƙarfe a bayan matuƙi, tankin mansa yana toshe kansa idan harsashi ya huda shi, yana ɗauke da bindigogi masu jigida guda 6, biyu manya a hanci, huɗu a fikafikai. Ya fi jiragen Japan gudu, kuma idan ya sunkuyo daga sama babu wanda ke cim masa. Amma yana da nawa wajen hawa, ƙarfin injinsa yana raguwa da ya wuce kimanin mita 4,500, kuma ba ya iya juyawa a ƙurarren wuri. Nakajima Ki-27 na Japan kishiyarsa ne: mara nauyi, bindiga biyu ƙanana, babu sulke ko kaɗan, amma yana hawa da sauri kuma yana juyawa cikin ƙiftawar ido.

Daga nan umarnin ya fito. A tashi bibbiyu, kada kowa ya rabu da abokinsa. A nemi sama tukuna. A faɗo wa abokin gaba kamar yadda shirwa take faɗa wa ɗan tsako, a yi harbi, a wuce da gudu, a sake hawa can nesa sannan a dawo. Kada a kuskura a shiga zagaye da ƙaramin jirgin Japan. Wannan ya saɓa wa abin da aka koya musu a gida, ya kuma saɓa wa ɗabi'ar saurayin da yake ganin sunkuyawa a gudu tamkar tsoro ne.

Kafin su ga abokin gaba ko sau ɗaya, mutum uku suka mutu. Ranar 8 ga Satumba John Armstrong ya yi karo da wani jirgin nasu suna gwajin faɗa. Ranar 22 ga Satumba Maax Hammer ya faɗi cikin hadarin damina. Ranar 25 ga Oktoba jirgin Peter Atkinson ya wargaje yana gwada sunkuyawa da cikakken gudu. A waɗannan watanni ne suka zana bakin kifin shak a hancin jiragensu, bayan sun ga hoton wata rundunar Birtaniya da ke yaƙi a Arewacin Afirka ta yi haka. An kasa su runduna uku: ta ɗaya ƙarƙashin Robert Sandell, ta biyu Jack Newkirk, ta uku Arvid Olson.

Gwajin farko: Kunming, 20 ga Disamba

Da Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka a Hawaii, Amurka kuma ta shiga yaƙi, Birtaniya ta nemi a ba ta ƙungiyar domin Rangun, Sin kuma tana so domin Kunming. Aka raba. Ranar 12 ga Disamba Runduna ta Uku ta sauka Mingaladon, bayan kwana shida sauran biyun suka tashi zuwa Kunming.

Ranar 20 ga wata jiragen bam 10 suka taso daga wajen Hanoi, a Vietnam ta yau, ba tare da rakiya ba. Masu gadin ƙauyuka suka yi ta miƙa labari tun daga kan iyaka, har Chennault ya san inda suke da inda suka dosa kafin su iso. Matuƙansa suna sama suna jira. Japanawa suka zubar da bama-bamansu a daji suka juya, aka bi su, aka kakkaɓo aƙalla uku. Amurkawa sun yi asarar jirgi ɗaya wanda mansa ya ƙare, matuƙinsa Ed Rector ya tsira. Faɗan bai tafi yadda aka koyar a aji ba, domin da yawa sun manta da tsari sun auka kowa ta kansa. Duk da haka babu wanda ya mutu.

Ranar da ta ɓaci: Rangun, 23 ga Disamba

A Mingaladon babu irin wannan tsari. Na'urar rada mai hango jirage guda ɗaya ce a duk Burma, sai masu gadi da suka dogara da layin tarho na gwamnati. Iyakar Tailan, inda Japan ta riga ta girke jiragenta, tana kusa, kuma tsaunuka ne masu duhun daji inda ba a iya ajiye masu gadi da yawa. Olson yana da jirage 18. Tare da shi akwai Runduna ta 67 ta sojan saman Birtaniya, yawancin matuƙanta 'yan New Zealand, da jiragen Brewster Buffalo waɗanda ba su kai P-40 ƙarfi ba. Chennault kansa yana Kunming, umarni sai ta rediyo.

Da hantsi jiniya ta yi ƙara. Japan ta aiko manyan jiragen bam samfurin Mitsubishi Ki-21 kusan 60, da ƙananan jiragen bam, da Ki-27 masu rakiya. Amurkawa suka tashi a gaggauce, rukuni-rukuni, wasu ba su ma san inda sauran suke ba.

Manyan jiragen bam ɗin sun zo a jere, fiffike kusa da fiffike, ta yadda bindigogin kowane jirgi suna kare na kusa da shi. Wanda duk ya tunkare su shi kaɗai, bindigogi da dama ne za su haɗu a kansa lokaci guda. Haka ta faru da Neil Martin, shugaban wani rukuni, wanda ya riga abokansa aukawa. Harsasan 'yan bindigar jiragen suka same shi, ya faɗi. Haka kuma ta faru da Henry Gilbert, mafi ƙarancin shekaru a matuƙan ƙungiyar, wanda jirginsa ya kama da wuta. Su biyun ne na farko da AVG ta rasa a fagen fama. Paul Greene ya faɗa tsakiyar jiragen rakiya, suka ragargaza jirginsa, ya diro da laima, suka bi shi da harbi yana lilo a iska, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Japan ta rasa jiragen bam 7 ko 8, asarar da ba ta saba gani ba. Amma bama-baman sun sauka. An bugi Mingaladon, an lalata jirage a ƙasa, an huda titin jirgi. A cikin gari mutane sun fito tituna suna kallon faɗan sama, ba su san abin da ke zuwa ba, fiye da 1,000 suka mutu. Wannan adadi ya kamata mai karatu ya riƙe shi a gefen sunaye biyun can, domin tarihin ƙungiyar yakan wuce shi da sauri. Leburorin tashar jiragen ruwa, waɗanda yawancinsu Indiyawa ne, suka fara barin birnin da ƙafa, aikin sauke kaya ya kusan tsayawa cik.

Abin da aka sauya: 25 ga Disamba

Kwana biyu kacal suka samu. Makanikai suka kwana suna toshe ramukan harsashi. Matuƙan suka zauna suka tattauna abin da kowa ya gani. Babban abin da aka gyara shi ne lokacin tashi: a tashi da wuri, a hau sama sosai, a jira a can a rukuni biyu.

Ranar Kirsimeti Japan ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko, jiragen bam fiye da 60, kuma a wannan karon da rakiyar sababbin jirage samfurin Nakajima Ki-43 na rundunar Tateo Kato. Amurkawa sun ɗauka jiragen Zero ne, sanannun jiragen yaƙin rundunar ruwan Japan, saboda kamanninsu, kuma wannan kuskure ya daɗe yana yawo a labaransu. P-40 guda 12 ne a sama, amma suna saman abokan gaba. Suka faɗo, suka yi harbi, suka wuce, suka sake hawa.

An harbo jiragensu biyu, na George McMillan da na Ed Overend. Dukansu sun sauke jiragen a kan cikinsu, ba da taya ba, a gonakin shinkafa, kuma sun dawo da ransu. Parker Dupouy ya yi karo da wani Ki-43, na Japan ɗin ya faɗi, shi kuma ya dawo ya sauka da guntulallen fiffike. Ranar babu Ba'amurke ko ɗaya da ya mutu. Runduna ta 67, wadda jiragenta ba su da irin wannan gudu da ƙwari, ta rasa matuƙa huɗu. Amurkawa sun yi iƙirarin kakkaɓo fiye da 20. Takardun Japan da aka duba bayan yaƙi sun nuna kimanin 10. An sake bugun birnin. Sai dai daga wannan rana Japan ta dakatar da aiko manyan jiragen bam da rana na wasu makonni.

Janairu 1942: abubuwa huɗu da aka gwada

A ƙarshen Disamba Runduna ta Biyu ta Newkirk ta karɓi ta Uku, wadda jiragenta suka gaji. Daga baya mutanen Sandell suka biyo, Birtaniya kuma ta kawo jiragen Hurricane.

Na farko, aka gwada kai wa Japanawa hari a gidansu. Ranar 3 ga Janairu Newkirk da David Hill da James Howard suka tsallaka Tailan suka buɗe wa filin Tak wuta, suka ƙona jirage a ƙasa suka dawo lafiya. Abin ya yi daɗi, aka maimaita. Ranar 8 ga wata, a wani harin irinsa a Mae Sot, harbi daga ƙasa ya sami injin Charles Mott, ya diro da laima, aka kama shi. Injin P-40 da ruwa ake sanyaya shi, harsashi ɗaya a bututun ruwan ya isa ya kashe shi, kuma farantin ƙarfen da ke bayan matuƙi ba ya kare cikin jirgi. Ranar 30 ga wata Tom Cole ya mutu yana harbin sojojin ƙasa kusa da Moulmein, wani garin Burma da ke gabas da Rangun.

Na biyu, aka gwada tare jiragen da ke zuwa da dare. P-40 ba shi da wata na'urar gani a duhu, kuma harshen wutar da ke fita daga injinsa yana kashe wa matuƙi ido. Ba a sami abin kirki ba. A daren 8 ga Janairu wani jirgin da ya dawo daga irin wannan fita ya kauce daga titi wajen sauka, ya bugi wata mota da matuƙi Ken Merritt yake barci a ciki, ya mutu nan take.

Na uku, aka daina barin jirage su kwana a Mingaladon. Da yamma sai a watsa su zuwa ƙananan filaye da aka share a busassun gonaki kewaye da birnin, da asuba su dawo. Wannan ya yi aiki. Japanawa suka yi ta zuba bama-bamai da dare a filin da babu kowa.

Na huɗu shi ne ci gaba da tarar harin rana, kuma a nan sakamakon ya bi tsayin gargaɗi sau da ƙafa. Ranar 4 ga Janairu jirage 6 suna kan hawa Ki-27 kusan 30 suka faɗo musu daga sama, aka harbo uku, matuƙan suka tsira da ƙyar. Ɗaya daga cikinsu Bert Christman ne, wanda kafin ya shiga soja yake zane-zanen labari a jaridu, kuma shi ya riƙa zana wa abokansa hotuna a jikin jiragensu. Daga 23 ga Janairu Japan ta sauya salo, ta riƙa aiko ƙananan jiragen yaƙi da yawa domin ta ƙarar da masu tsaron. A ranar farko aka sake harbo Christman. An tsinci gawarsa da laimar a jikinsa da raunukan harsashi, abokansa sun yi imani an harbe shi ne yana saukowa. Ranar 26 ga wata Louis Hoffman, dattijon ƙungiyar, tsohon matuƙin rundunar ruwa mai shekara 43, ya tashi a makare tare da wasu, aka rutsa su suna ƙasa-ƙasa ba su gama hawa ba, aka kashe shi. A ranakun da rada ta ba su lokaci kuwa, sun yi wa Japanawa ɓarna sun dawo cikakku.

Fabrairu zuwa Maris: ƙarshen tsaron

Ranar 31 ga Janairu Moulmein ta faɗi, Japan ta sami fili mafi kusa, masu gadin gabas kuma suka tafi. Kayan gyara sun ƙare. Taya, filogi, farfela, komai sai an ciro daga jirgin da ya mutu a sa wa mai sauran numfashi. Ƙura tana cin injuna. Ranar 7 ga Fabrairu Sandell ya tashi gwada jirginsa da aka gyara wa wutsiya, ya faɗi a filin ya mutu. Robert Neale ya karɓi ragamar.

Ranakun 25 da 26 ga Fabrairu aka yi faɗa mafi zafi na ƙarshe a saman birnin, da 'yan jiragen da suka rage. A cikinsu Ed Leibolt ya ɓace, ba a sake ganinsa ba. A ƙasa kuwa sojojin Birtaniya da na Indiya sun riga sun sha kashi a gadar kogin Sittang, hanyar Rangun ta buɗe. Da Neale ya sami labarin an kwashe na'urar rada, bai tsaya wata-wata ba, ya kwashe mutanensa ranar 27 ga Fabrairu zuwa filin jirgin Magwe a tsakiyar Burma. Sojan Japan suka shiga Rangun ranar 8 ga Maris.

Magwe ta nuna abin da Neale ya guda. Ranakun 21 da 22 ga Maris jiragen Japan suka zo ta ɓangaren da babu mai gadi, suka sami jirage a ƙasa, suka ragargaza kusan duk abin da ya rage na ƙarfin saman Birtaniya a Burma. Babban bakanike John Fauth ya mutu, matuƙi Frank Swartz ya sami raunin da ya yi ajalinsa a wani asibiti a Indiya. Domin ramuwa, ranar 24 ga Maris aka kai hari Chiang Mai a Tailan. An ƙona jirage a ƙasa, amma Newkirk ya mutu kusa da Lamphun yana harbi ƙasa-ƙasa, aka kuma kama William McGarry.

Bayan Rangun

Sababbin jirage sun fara isowa a ƙarshen Maris, kuma ta ƙasarmu suka ratso. An aika matuƙa shida har Akra ta Gwalkwas, Ghana ta yau, su ɗauko P-40 sabon samfuri, suka biyo hanyar sama da Birtaniya ta shimfiɗa a Afirka, wadda zangunanta suka haɗa da Legas, Kano, Maiduguri, El Fasher da Khartum, daga nan Alƙahira, Indiya, har Kunming.

A Afrilu aka umarci matuƙan su riƙa shawagi ƙasa-ƙasa a saman fagen daga domin sojojin Sin su gan su su sami ƙwarin gwiwa. Da yawansu suka sa hannu a takardar ƙin aikin, suna cewa wannan ya saɓa wa duk abin da Chennault da kansa ya koya musu. An sasanta, aka rage irin waɗannan fita. A watan Mayu sun taimaka wajen tsayar da sojan Japan a kwazazzabon kogin Salween, inda hanyar Kunming ta ratsa, kuma a wannan wata John Donovan ya mutu a harin filin jirgi a Hanoi, Robert Little kuma a saman Salween, dukansu a aikin kai hari ƙasa. An rusa ƙungiyar ranar 4 ga Yuli 1942, sojan Amurka ya karɓi aikin, matuƙa biyar kaɗai suka zauna tare da shi. Wasu sun yarda su ƙara mako biyu don taimaka wa sababbin zuwa, kuma cikinsu John Petach ya mutu ranar 10 ga Yuli, shi ma harbi daga ƙasa. Rangun ba ta koma hannun Birtaniya ba sai Mayu 1945, bayan yaƙin da dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, masu ɗimbin Hausawa a cikinsu, suka yi a Kaladan da Arakan.

Hukunci

Idan aka jera mutuwar nan aka duba yanayin kowace, abin da kowa ya fi tsoro tun a Toungoo, wato gwanintar ƙananan jiragen Japan wajen juyi, ba shi ne ya fi kisa ba. Martin da Gilbert 'yan bindigar jiragen bam ne suka kashe su a rana ta farko, lokacin da suka tunkari jeri ɗai-ɗai. Hoffman an rutsa shi yana hawa, haka ma ukun da aka harbo ranar 4 ga Janairu. Cole, Newkirk, Donovan, Little da Petach sun mutu ne suna aiki dab da ƙasa. Armstrong, Hammer, Atkinson, Merritt da Sandell hatsari ne. Swartz da Fauth bam ya same su a fili. Da wuya a nuna matuƙin da ya fara faɗa yana sama, da abokinsa a gefe, ya bi ƙa'idar faɗowa da wucewa, sannan ya mutu.

A ganina darasin Chennault daidai ne, amma rabi ne kawai, kuma shi ma ya san haka. Ba a faɗowa daga sama sai an riga an hau, jirgi mai nawar hawa kuma ba ya riga kowa hawa sai an gaya masa da wuri. Saboda haka manomin Yunnan da ke zaune kusa da tarho, da ma'aikatan rada guda ɗaya ta Burma, suna da hannu a kowace nasara daidai da wanda ya danna kunamar bindiga. Bambancin 23 da 25 ga Disamba bai zo daga sabon jirgi ko sababbin mutane ba, mutanen nan ne da jiragen nan, sai dai a karo na biyu sun riga abokan gaba hawa. Shawarar Neale ta barin Mingaladon da zarar rada ta tafi tana cikin mafi hikimar da aka yanke a duk lamarin, ko da yake ba irin wadda ake yi wa kirari ba ce.

Hare-haren ƙasa sun fi wuyar yanke wa hukunci. Sun lalata jirage, sun jinkirta Japan, a Salween ma sun yi amfani na gaske. Amma sun cinye shugabanni irin Newkirk waɗanda babu madadinsu, kuma shawagin ƙarfafa gwiwa na Afrilu jefa rai ne cikin haɗari ba tare da riba ba. Ina ganin matuƙan da suka ƙi shi suna da gaskiya.

Batun alƙaluma ma yana buƙatar adalci. An biya ƙungiyar ladan jirage kusan 300, masu binciken da suka bi takardun Japan sun sami kimanin 115. Irin wannan giɓi ya faru a kowace rundunar sama ta wancan yaƙi, har da ta Japan, domin mutum uku sukan harbi jirgi ɗaya kowa ya ƙirga shi, wanda ya yi hayaƙi kuma ba lallai ya faɗi ba; dala 500 ba ta taimaka wajen rage zato ba. Ko da ƙaramin adadin aka ɗauka, ya ninka jiragen da su suka rasa a faɗan sama sau da yawa, a watannin da Japan take cin kowa daga Malaya zuwa Filifin.

Abin da ba su iya ba shi ne ceton birnin. Sun hana Japan mallakar saman Rangun da rana har mako goma, a cikin wannan lokaci an sauke ƙarin sojoji an kuma tura kaya arewa. Amma Rangun ta ƙasa aka ci ta, kuma mutanen da suka mutu a titunanta ranar 23 ga Disamba, da dubun dubatar Indiyawan da suka kama hanyar gida da ƙafa da yawansu suka halaka a kan hanya, jirage 18 ba su isa su kare su ba ko da kowane matuƙi ya bi darasinsa ba kuskure. Wannan nauyi yana wuyan waɗanda suka bar tasha mai irin wannan muhimmanci da rada ɗaya da runduna biyu. Gwamnatin Amurka ba ta amince cewa aikin waɗannan mutane aikin soja ba ne sai a 1991.